Homon ɗin Zuciya: Yadda Ƙarancin Ruwa da Tayirod Ke Sauya Adadinsa a Jini

Bayan aikin harba jini da kowa ya san ta da shi, zuciya tana haɗa wani sinadari a cikin tsokarta, ta zuba shi a jini domin ya kai saƙo ga ƙoda da jijiyoyin jini. Irin wannan sinadari mai kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata shi ake kira homon. Saƙon zuciya ɗaya ne a kullum: ruwa da gishiri sun yi yawa a jiki, a rage su. Likitoci kan auna yawan wannan homon a jini don su gane ko zuciyar majiyyaci ta fara gazawa. Sai dai adadin da gwajin zai nuna bai rataya ga lafiyar zuciya kaɗai ba. Yawan ruwan da ke jikin mutum a ranar gwajin, da yadda wata ƙaramar gaɓa a wuya mai suna tayirod ke aiki, kowannensu na iya ɗaga adadin ko ya sauke shi. Batun ya shafi mazauna wurare masu zafi irin su Nukkai da sauran unguwannin Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, inda zufa da gudawa ke ƙarar da ruwan jiki, maƙoƙo kuma ba baƙon ciwo ba ne.

Yadda aka gano shi

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama ke karɓar jinin da ya dawo daga jiki da huhu, na ƙasa kuma su tura shi waje. A shekarar 1956 James Henry da Otto Gauer, masu bincike a Amurka, suka hura 'yar balam-balam a cikin ɗakin sama na hagu na zuciyar kare, sai fitsarin karen ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa miƙewar bangon zuciya na da alaƙa da aikin ƙoda. A 1964 kuma James Jamieson da George Palade suka bayyana wasu 'yan ƙwayoyi da ke jibge a tsokar ɗakunan sama, masu kama da waɗanda ake gani a gaɓoɓin da ke haɗa homon. An daɗe ba a san amfaninsu ba.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Adolfo de Bold, haifaffen Ajantina da ke aiki a Jami'ar Queen's ta garin Kingston a Kanada. A ƙarshen shekarun 1970 ya lura cewa idan aka hana ɓeraye ruwa, ƙwayoyin nan kan ƙaru a zuciyarsu, idan kuma aka cika su da gishiri sai su ragu. Ke nan tun farko ƙishirwa ce ta tona asirin homon ɗin. A 1981 shi da abokan aikinsa suka niƙa tsokar ɗakunan sama, suka tace ruwanta, suka yi wa wasu ɓerayen allura da shi. Cikin 'yan mintoci fitsarinsu ya ninka kusan sau goma, gishirin da ke cikinsa ya ninka fiye da sau talatin, matsin jininsu kuma ya sauka. Ruwan da aka tato daga ɗakunan ƙasa bai yi wannan aiki ba.

Sinadarin shi ne ake kira ANP a yau. A 1984 Kenji Kangawa da Hisayuki Matsuo a Japan suka tantance tsarinsa a jikin ɗan Adam, suka samu jerin amino asid 28 ne. A 1988 rukunin Matsuo ya sake gano ɗan uwansa, BNP, a ƙwaƙwalwar alade. Daga baya aka tabbatar cewa a jikin mutum zuciya ce babban tushensa, musamman ɗakunan ƙasa.

Aikinsa a jiki

Abin da ke sa zuciya ta saki homon ɗin shi ne miƙewar bangonta. ANP a ajiye yake cikin ƙwayoyin da de Bold ya yi nazarinsu, don haka da zarar jini ya cika ɗakunan sama sai ya fito nan take. BNP kuwa ba a ajiye shi da yawa. Sai ɗakunan ƙasa sun sha matsi na awoyi ko kwanaki sannan tsokar ta ƙara haɗa shi.

Da sun shiga jini, dukansu biyu aiki iri ɗaya suke yi. Suna sa ƙoda ta ƙara tace jini, ta kuma rage yawan sodiyam, wato sinadarin gishiri, da take mayarwa jiki, ruwa kuma ya bi gishirin ya fita. Suna sassauta jijiyoyin jini, matsin jini ya sauka. Suna kuma danne sinadaran da ke aikin riƙe ruwa. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kowace rana, amma lita ɗaya zuwa biyu kacal ke fita a matsayin fitsari, sauran duk ana mayar da shi. Saboda haka ɗan canji kaɗan a abin da ake mayarwa kan sauya yawan fitsari sosai.

Masu aikin riƙe ruwa su uku ne manya. Akwai renin, wanda ƙoda ke saki idan jinin da ke isa gare ta ya ragu, shi kuma ya haifar da anjiyotensin mai tsuke jijiyoyi da tayar da ƙishirwa. Akwai aldositeron daga gaɓar adirinal da ke zaune a kan ƙoda, mai hana gishiri fita. Sai basofiresin daga gaɓar fituwitari a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai hana ruwa fita. Waɗannan na ja gefe guda, homon ɗin zuciya na ja ɗaya gefen, kuma daidaiton ruwan jiki daga wannan ja-in-ja yake fitowa. Wanda ya shiga kogi ruwa ya kai masa wuya ya ɗan jima, zai ji fitsari ya matsa shi: nauyin ruwan ya koro jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, ɗakunan sama sun cika, ANP ya ƙaru.

Homon ɗin ba ya daɗewa a jini. Rabin ANP kan ɓace cikin minti biyu zuwa uku, rabin BNP cikin kimanin minti 20. Akwai wani gutsure mara aiki da ke fita tare da BNP, mai suna NT-proBNP, wanda rabinsa kan kai awa ɗaya zuwa biyu kafin ya ɓace. Shi ya sa ɗakunan gwaji suka fi auna waɗannan biyun na ƙarshe.

Idan ruwan jiki ya yi ƙasa

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne, kuma yana fita ta fitsari da zufa da numfashi da bayan gida. A Jalingo, daga Fabrairu zuwa Afrilu kafin damina ta sauka, zafin rana kan kusanci digiri 40. Manomin rani a fadamar Nukkai, ko leburan gini, ko ɗan ga-ruwa mai tura baro, na iya zubar da lita ɗaya ta zufa ko fiye a awa guda na aiki. Da hunturu busasshiyar iska ke ɗebe ruwa ta fata da numfashi ba tare da an ga zufa ba. Da damina kuma gudawa da kwalara ke yin ɓarnar, musamman ga yara da tsofaffi. Azumin Ramadan na 2024 da na 2025 duk sun fara ne a cikin watan Maris, tsakiyar bazara.

Idan ruwa ya ragu, jinin da ke dawowa zuciya yana raguwa. Ɗakunan sama ba sa cika yadda suka saba, bangonsu ba ya miƙewa, sai su rage sakin ANP. Adadinsa a jini ya sauka, ajiyarsa a tsoka ta ƙaru, daidai abin da aka gani a ɓerayen da aka hana ruwa. A daidai lokacin renin da aldositeron da basofiresin suna hawa. Sakamakon shi ne abin da kowane mai azumi ya sani da la'asar: fitsari kaɗan mai duhun launi, da bushewar baki, da ƙishirwa. Saukar homon ɗin a irin wannan hali ba alamar ciwo ba ce, dabara ce ta kare ragowar ruwan.

Girman saukar ya danganta da irin abin da aka rasa. Wanda ya wuni bai sha ruwa ba, ruwa zalla ya fi rasawa, kuma ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki kan fito ya cike wani ɓangare na giɓin jini. Wanda gudawa ko amai ko zufa mai yawa ta kama kuwa ruwa da gishiri ya rasa tare, don haka jininsa ya fi raguwa, ANP ɗinsa ya fi faɗuwa. Haka abin yake wajen mayarwa. Ruwan sha zalla bazuwa yake yi a ko'ina cikin jiki, ba ya ɗaga homon ɗin da yawa, amma ƙarin ruwa mai gishiri da ake ɗaurawa a asibiti kan cika jijiyoyi kai tsaye, ANP ya tashi da sauri. BNP na mai lafiya dama ƙasa yake, ƙarancin ruwa mai sauƙi ba ya sauya shi sosai kamar yadda yake sauya ANP.

Akwai wurare biyu da wannan ƙa'ida ke juyewa. Na farko, aikin ƙarfi yana sa zuciya bugawa da sauri, wannan kuwa kan ɗaga ANP ko da mutum yana zufa. Na biyu ya fi haɗari: idan ƙarancin ruwa ya yi tsanani har ya taɓa ƙoda, NT-proBNP kan taru a jini, domin ƙoda na cikin masu fitar da shi. A nan gwaji zai nuna adadi mai yawa ga mutumin da jikinsa a bushe yake, wanda ruwa yake bukata ba maganin sa fitsari ba.

Tayirod da bugun zuciya

Tayirod gaɓa ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, nauyinta a babban mutum kimanin giram 20. Tana ɗaukar aidin daga jini ta haɗa homon iri biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci ya samar da ƙarfi da ɗumi. Fituwitari ce ke ba ta umarni ta hanyar wani homon mai suna TSH. Idan tayirod ta yi sanyi TSH kan hau, idan ta wuce gona da iri sai ya faɗi, shi ya sa gwajin TSH ne matakin farko na binciken lafiyarta.

Zuciya na cikin gaɓoɓin da suka fi jin tasirin T3, kuma ta hanya biyu yake shafar homon ɗinta. Ta farko kai tsaye ce: T3 yana shiga tsokar zuciya ya zaburar da ƙwayoyin gadon da ke haɗa ANP da BNP. An tabbatar da haka a ƙwayoyin tsokar zuciya da aka raina a ɗakin gwaji, inda babu jinin da zai miƙe su. Ta biyu kuma ta kewaye ce: T3 yana ƙara saurin bugu da ƙarfinsa, yana buɗe jijiyoyi, yana ƙara yawan jini, ɗakunan zuciya kuma su ƙara cika.

Idan tayirod ta yi yawan aiki, hanyoyin biyu sukan haɗu. Babban sanadin wannan hali shi ne cutar Graves, mai ɗauke da sunan likitan Dublin Robert Graves da ya bayyana ta a 1835, kuma ta fi kama mata. Alamominta su ne rama duk da yawan cin abinci, faɗuwar gaba, rawar hannu, rashin jure zafi, yawan zufa, rashin barci, wani lokaci da fitowar idanu. ANP da BNP kan hau a jinin irin waɗannan majiyyata ko da zuciyarsu ba ta gaza ba, kuma sukan sauka idan an shawo kan tayirod da magani irin su kabimazol. Wasu daga cikinsu, musamman masu shekaru, bugun ɗakunan samansu kan rikice ya rasa tsari, wannan ma yana ƙara ɗaga adadin. In an bar ciwon ya daɗe ba magani, zuciyar na iya gazawa da gaske.

Idan kuma tayirod ta yi sanyi, komai yana tafiyar hawainiya. Mutum yana jin kasala da sanyi, fata na bushewa, murya na kauri, ciki na ƙullewa, fuska na kumbura, bugun zuciya na raguwa. ANP da BNP kan yi ƙasa da yadda ya kamata, kuma ana ganin hakan na cikin dalilan da ke sa jikin irin waɗannan mutane ke riƙe ruwa. Maganin lebotayirokzin, wanda ke maye gurbin T4, yana mayar da adadin daidai. A ƙasashen da aidin ya wadata babban sanadin shi ne cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912. A faɗin duniya kuwa ƙarancin aidin ne kan gaba.

Ƙarancin aidin shi ne tushen mafi yawan maƙoƙo. Ya fi yawa a wurare masu nisa da teku da kuma tuddai masu ruwan sama da yawa da ke wanke aidin daga ƙasa, irin yanayin da ake samu a tsaunukan Mambila na kudancin Taraba. Rogon da ba a jiƙa ko aka shanya da kyau ba yana ƙara tsananta matsalar, domin yana haifar da wani sinadari da ke hana tayirod ɗaukar aidin. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma maƙoƙo ya ragu ƙwarai tun daga lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade mikirogiram 150 a rana ga babban mutum, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Kumburin wuya shi kaɗai ba ya nuna yadda gaɓar ke aiki. Masu maƙoƙo da yawa T4 da T3 ɗinsu daidai suke, homon ɗin zuciyarsu ma bai sauya ba. Sai dai tsohon maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle na iya rikiɗewa ya fara yawan aiki bayan shekaru.

Idan biyun suka haɗu

Mai yawan aikin tayirod yana zufa fiye da kowa, yana yawan zuwa bayan gida, don haka da bazara shi ne ruwan jikinsa ya fi saurin ƙarewa. Tayirod na ɗaga homon ɗin zuciyarsa, ƙarancin ruwa na sauke shi, adadin da za a gani a takardar gwaji kuma na iya fitowa tsaka-tsaki ba tare da ya bayyana ko ɗaya daga cikin matsalolin biyu ba. Mai sanyin tayirod da ke shan maganin sa fitsari irin furosemaid kuwa dalilai biyu ke sauke nasa adadin, har ya zama ƙasa da abin da ya dace da halin da zuciyarsa ke ciki. Magunguna ma na shiga tsakani. Amiyodaron, da ake bayarwa don daidaita bugun zuciya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa aidin ne, kuma yana iya sa tayirod ta yi sanyi ko ta yi yawan aiki.

Lokacin jego ya fi bukatar lura a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry, likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka ba da rahoton gazawar zuciya bayan haihuwa da yawan da ya kai kusan mace ɗaya a cikin haihuwa ɗari. Sun danganta shi da kunun kanwa mai cika jiki da sodiyam, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya fi nuni ga talauci, da rama, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jinin masu ciki. A wannan ciwo NT-proBNP kan hau sosai. A cikin shekarar farko bayan haihuwa kuma tayirod ta wasu mata kan kumbura, ta fara da yawan aiki sannan ta yi sanyi. Mai jegon da ke fama da haki da faɗuwar gaba tana bukatar a duba zuciyarta da tayirod ɗinta gaba ɗaya.

Yadda ake karanta sakamakon gwaji

Gwajin BNP ya samu karɓuwa ne bayan wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda ya ƙunshi majiyyata 1,586 da suka zo sashen gaggawa da ƙarancin numfashi. Ana auna shi da fikogiram a kowace mililita ta jini. Ga wanda ya zo a gaggauce, BNP ƙasa da 100 ko NT-proBNP ƙasa da 300 na nuna da wuya gazawar zuciya ce sanadin hakinsa. Ga wanda ya zo ganin likita ba cikin gaggawa ba, iyakokin su ne 35 da 125. Gwajin ya fi ƙarfi wajen kore gazawar zuciya fiye da tabbatar da ita, domin abubuwan da ke ɗaga adadin suna da yawa. Tsufa da ciwon ƙoda da rikicewar bugu suna ɗaga shi, mata kan ɗara maza, ƙiba kuma tana sauke shi. Haɗin maganin sakubitiril da balsatan, da aka amince da shi a 2015, yana hana rushewar homon ɗin, don haka ga mai shan sa NT-proBNP ya fi dacewa a auna.

Saboda waɗannan dalilai likita ba ya yanke hukunci da adadin kaɗai. Yana haɗa shi da duba jiki, da awon bugun zuciya, da hoton zuciya na eko, da gwajin ƙoda, da na TSH. Ƙa'idojin kula da gazawar zuciya sun tanadi a duba tayirod ga duk wanda aka fara gano yana da ciwon. A Jalingo manyan asibitocin gwamnati da ake tura irin waɗannan majiyyata su ne Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha.

Majiyyaci ma yana da nasa rabon aikin. Ya kamata ya sanar da likita idan yana azumi, ko ya yi gudawa ko amai a kwanakin da suka gabata, ko yana shan maganin sa fitsari, na tayirod, ko na gargajiya mai kanwa. Mai gudawa yana bukatar ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ko fakitin da ake sayarwa a kantin magani. Mai gazawar zuciya kuwa bai kamata ya ƙara ko ya rage ruwan sha da magani da kansa ba, ko da bazara ko da azumi, sai da shawarar likita, domin yawan ruwa na cika masa huhu, ƙarancinsa kuma na cutar da ƙodarsa. Idan an samu matsalar tayirod ko ƙarancin ruwa a lokacin gwajin farko, akan gyara su tukuna sannan a maimaita gwajin, kuma sakamako na biyu ne ya fi bayyana ainihin halin da zuciya ke ciki.